Jakar barci ta gashin agwagwa: yadda take aiki da abin da ke ƙunshe a cikinta

Da zarar dusar ƙanƙara ta narke a ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, wato daga watan Mayu zuwa Satumba, dubun dubatar mutane kan rufe gidajensu, su goya jaka, su nausa cikin dazuzzuka da tsaunuka a ƙafa. Wasu kan yi kwana biyu ko uku, wasu kuma watanni, suna yada zango duk inda dare ya riske su.

A cikin kayan da irin waɗannan matafiya ke goyawa, babu wanda ake tafka muhawara a kansa kamar jakar barci, wato bargon nan da ake ɗinkewa tamkar buhu, mutum ya shige ciki ya ja zif, fuskarsa kaɗai ke waje.

Mafi tsada kuma mafi farin jini a cikinsu ita ce wadda aka cusa wa lallausan gashin agwagwa ko na dinya, babbar 'yar uwar agwagwa mai dogon wuya. Wadda aka ɗinka domin yanayi mai sauƙin sanyi nauyinta kan kama daga gram 400 zuwa 800, kuma idan aka matse ta ba ta fi curin burodi girma ba.

To amma wannan sauƙin ɗauka yana tafe da sharuɗɗa. Rashin fahimtar lambobin da ke jikin jakar yana iya jefa rayuwar mutum cikin haɗari, yayin da hanyar da ake bi wajen samo gashin ta daɗe tana haddasa ce-ce-ku-ce tsakanin kamfanoni da masu kare haƙƙin dabbobi.

Dalilin damuwa da nauyi

Hanyar Appalachian da ke gabashin Amurka tana da tsawon kimanin kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14 daga Georgia zuwa Maine, kuma wanda ya ƙudiri aniyar taka ta tun daga farko har ƙarshe yakan shafe watanni biyar zuwa bakwai. A ƙasar Sifaniya kuwa, fiye da mutane 440,000 ne suka karɓi takardar shaidar kammala tattaki zuwa birnin Santiago de Compostela a shekara ta 2023, galibinsu a ƙafa.

A ƙasashen Suwidin da Norwe doka ta bai wa kowa damar kafa tanti na ɗan lokaci a filin da ba gona ba, muddin bai matsa kusa da gidan wani ba. Ita ma Scotland ta kafa irin wannan doka a shekara ta 2003.

Duk wanda zai yi tafiyar kilomita 20 ko 30 a kullum da kaya a bayansa ya san cewa abin da yake da sauƙi da safe yakan zama jidali da la'asar. Shi ya sa matafiyan ke auna kayansu gram-gram, kuma abubuwa uku ne suka fi cin nauyi: jakar goyon kanta, da tanti, da kayan kwanciya.

Ba wai tilas ne sai da jakar barci ba. A shekara ta 1955 wata dattijuwa mai suna Emma Gatewood, 'yar shekara 67, ta taka hanyar Appalachian baki ɗaya da bargon soja da labulen roba a cikin wani buhu da ta ɗinka da kanta. Sai dai irinta ba su da yawa, kuma akasarin mutane na neman abin da zai ba su barci mai daɗi ba tare da ya karya musu baya ba.

Jaka ba ta samar da ɗumi

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, jakar barci ba murhu ba ce. Jikin mutum ne ke samar da ɗumin, domin ko yana barci yana fitar da zafi da ya kai kimanin wat 80, kwatankwacin tsohon ƙwan lantarki. Aikin jakar kawai shi ne ta hana wannan zafi tserewa.

Abin da ke riƙe zafin kuwa iska ce. Iskar da aka tsare wuri guda, ba ta motsi, tana cikin abubuwan da zafi ya fi shan wahalar ratsawa. Saboda haka duk abin da zai iya kama iska mai yawa da nauyi kaɗan, shi ne ya fi dacewa a cusa cikin jakar.

A nan ne gashin tsuntsayen ruwa ya yi zarra. Agwagwa tana da gashi iri biyu. Akwai na waje mai tsinke a tsakiya, wanda ke tare ruwa da iska. A ƙarƙashinsa kuma, musamman a ƙirji da ciki, akwai wani lallausa maras tsinke, wanda zarurukansa ke fitowa daga ɗigo guda su bazu ta ko'ina kamar furen auduga. Kowane zare yana da ƙananan rassa, rassan kuma suna sarƙewa da na maƙwabtansu, sai su samar da dubban ƙananan gurabe da iska ke maƙalewa.

Wata baiwar kuma ita ce, ana iya matse shi ya ƙanƙance, da an sake shi ya sake kumbura, kuma yana jure hakan shekara da shekaru. Har yanzu masana'antu ba su ƙera zaren da ya kamo shi ba idan aka haɗa ɗumi da rashin nauyi da kuma tsawon rai.

Daga fatar barewa zuwa nailan

Mazauna yankunan ƙanƙara na arewacin duniya sun daɗe suna kwana a cikin fatun dabbobi. Ko da ɗan ƙasar Norwe Fridtjof Nansen ya ratsa tsibirin Greenland a shekara ta 1888, shi da mutanensa biyar sun kwana ne a cikin jakunkuna biyu na fatar barewar ƙanƙara, mutum uku a kowace guda.

A fagen kasuwanci kuwa, ana danganta farkon lamarin da wani ɗan kasuwa na yankin Wales a Birtaniya, Pryce Pryce-Jones, wanda a shekara ta 1876 ya yi rajistar wani bargon ulu da ake naɗewa a ɗaure, mai haɗe da matashin roba da ake hurawa. Rundunar sojan Rasha ta yi odar guda 60,000.

Masu hawan tsaunuka ne suka ɗaukaka darajar gashin agwagwa. A yunƙurin hawa tsaunin Everest na shekara ta 1922, George Finch ya sa wata riga da aka cusa wa wannan gashi, abokan tafiyarsa suka yi ta yi masa ba'a, kafin daga bisani sanyi ya nuna musu gaskiyarsa. A Amurka, Eddie Bauer ya sami rajistar rigarsa mai ɗinki gida-gida a shekara ta 1940.

Abin da ya kammala sauyin shi ne nailan, wanda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a shekara ta 1935. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an sami ƙyalle marar nauyi, mai matsattsiyar saƙa da ke hana gashi zurarewa. Daga nan ne jakar barci ta fita daga hannun sojoji da 'yan kasada, ta shiga hannun ɗalibai da ma'aikata masu neman hutun ƙarshen mako.

Lambobin da ke jikin jaka

Mai saye zai tarar da wata lamba kamar 600 ko 700 ko 800 a rubuce. Wannan ita ce ma'aunin ƙarfin kumburin gashin. Ana zuba oza guda, wato kimanin gram 28, a cikin wani bututu, a ɗora masa ɗan nauyi, sannan a auna girman wurin da ya cika. Mai lamba 600 yakan cika kusan lita 10, mai lamba 800 kuma lita 13.

Kuskuren da jama'a da dama ke yi shi ne ɗauka cewa babbar lamba tana nufin ƙarin ɗumi. Lambar tana bayyana inganci ne kawai, ba yawa ba. Jakar da aka zuba wa gram 400 na mai lamba 600 ta fi ɗumi a kan wadda aka zuba wa gram 200 na mai lamba 800. Amfanin babbar lamba shi ne a sami ɗumi iri ɗaya da nauyi kaɗan, kuma wannan ragin ne ake biya da tsada.

Akwai kuma wasu alkaluma kamar 90 da 10, ko 80 da 20. Na farko shi ne kason lallausan gashi, na biyu kuma na ƙananan gashi masu tsinke da ke cakuɗe da shi.

Ɗinki ma yana da tasiri. Domin kada gashin ya taru a gefe guda, ana raba jakar gida-gida. A jakunkunan bazara galibi ana haɗe ƙyallen ciki da na waje da ɗinki guda, abin da ke rage nauyi da farashi, amma sanyi kan shiga ta layin ɗinkin saboda babu gashi a wurin. A na tsananin sanyi kuwa, ana sa wani siririn ƙyalle a tsaye tsakanin biyun, ta yadda kaurin gashin ba zai yanke ba.

Dangane da siffa, mai tsukewa wajen ƙafa, mai hula a kai, ta fi riƙe ɗumi domin iskar da jiki zai ɗumama ba ta da yawa. Mai kusurwa huɗu ta fi sakewa, ana ma iya buɗe ta ta zama bargo, amma ta fi nauyi.

Adadi uku, ɗaya kawai abin dogaro

A da, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama game da sanyin da jakarsa ke iya jurewa. A shekara ta 2002 ƙasashen Turai suka fito da ƙa'idar gwaji ta bai-ɗaya mai suna EN 13537, wadda a shekara ta 2016 aka maye gurbinta da ta ƙasa da ƙasa, ISO 23537.

Yadda ake gwajin shi ne, ana sa wani mutum-mutumi mai ɗumin jiki irin na ɗan Adam a cikin jakar, sanye da doguwar rigar ciki da wando da safa, a kwantar da shi kan shimfiɗa a cikin ɗaki mai sanyi, a auna yawan wutar lantarkin da ake buƙata domin ɗuminsa ya tsaya daidai. Daga nan ake fitar da adadi uku.

Mafi girma shi ne na jin daɗi: sanyin da mace mai shekara 25 da nauyin kilo 60 za ta iya barci a miƙe ba tare da ta ji shi ba. Na tsakiya shi ne iyakar da namiji mai shekara 25 da kilo 70 zai iya barcin sa'o'i takwas a dunƙule. Mafi ƙanƙanta kuwa shi ne sanyin da macen za ta iya rayuwa a cikinsa na sa'o'i shida kacal, tana karkarwa, kuma ba a kawar da yiwuwar sanyin ya lahanta mata gaɓoɓi ba.

Wannan adadi na ƙarshe ba na barci ba ne, na tsira da rai ne. Amma da yake shi ne ya fi burge mai saye, wasu 'yan kasuwa kan buga shi da manyan haruffa. Alal misali, jakar da aka rubuta wa digiri 10 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyos tana iya kasancewa wadda adadinta na jin daɗi bai wuce digiri 8 ko 9 sama da sifili ba.

Bugu da ƙari, mutum-mutumi ba ya jin yunwa, ba ya gajiya, ba ya tsufa. Dattijo, da siririn mutum, da wanda ya kwanta bai ci abinci ba, da wanda ya taso a ƙasa mai zafi, duk sun fi saurin jin sanyi. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a duba adadin jin daɗi, a kuma zaɓi wanda ya yi ƙasa da sanyin da ake tsammani da 'yan digiri. Gwajin bai shafi jakunkunan yara ba, kuma doka ba ta tilasta wa kowane kamfani yin sa ba.

Idan aka ce yanayi mai sauƙi, ana nufin daren da ma'auni ke tsakanin kimanin digiri 5 zuwa 15. Sai dai a tuna cewa a kan tsauni zafi yana raguwa da kusan digiri shida da rabi a duk hawan mita 1,000, don haka hasashen yanayin garin da ke gindin dutse ba shi ne na ƙololuwa ba.

Ruwa, babban abokin gaba

Raunin gashin agwagwa guda ɗaya ne, amma babba: idan ya jiƙe sai ya dunƙule, guraben iskar su rufe, jakar ta koma tsumma. Ruwa yana janye zafi daga jiki fiye da iska har kusan ninki 25, kuma jakar da ta jiƙe sharkaf tana iya kwana biyu ba ta bushe ba a daji.

Abin lura a nan shi ne, yanayi mai sauƙin sanyi shi ne ya fi yawan ruwan sama da raɓa da hazo. Sanyin da ke kisa kuma ba sai ƙanƙara ta sauka ba. Likitoci na cewa mutum ya shiga haɗari idan zafin cikin jikinsa ya sauka daga digiri 37 zuwa ƙasa da 35. Alamun farko su ne karkarwa, da sarƙewar harshe, da tuntuɓe, da ruɗewar tunani.

A watan Maris na shekara ta 1964, matasa uku 'yan sikawut sun rasa rayukansu a wata gasar tattaki da ake kira Four Inns a tuddan tsakiyar Ingila, bayan ruwan sama da iska mai ƙarfi sun rutsa da su, alhali ma'auni yana 'yan digiri sama da sifili. Binciken da masanin jikin ɗan Adam Griffith Pugh ya gudanar bayan haka ya nuna cewa jiƙaƙƙun tufafi a cikin iska kan rasa kusan dukkan ikonsu na riƙe ɗumi. Wannan darasi ya hau kan jakar barci kamar yadda ya hau kan riga.

Saboda wannan rauni ne aka ƙirƙiro zaren roba mai kwaikwayon gashin. Sanannen cikinsu, PrimaLoft, an samar da shi ne domin sojojin Amurka a cikin shekarun 1980. Jakar zaren roba ta fi araha, ta fi saurin bushewa, kuma tana riƙe wani abu na ɗumi ko da ta jiƙe. Amma ta fi nauyi, ta fi cin wuri, kuma kumburinta kan mutu bayan 'yan shekaru, yayin da ta gashi, idan an kula da ita, takan haura shekara goma.

Tun daga wajejen shekara ta 2012 wasu kamfanoni ke shafa wa gashin sinadarin da ke sa ruwa ya zame. Yana taimakawa wajen raɓa da gumi, amma ba ya mai da jakar ta zama rigar ruwa. Wasu daga cikin sinadaran farko na dangin PFAS ne, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa, abin da ya sa jihar California ta haramta su a kayan ƙyalle daga farkon shekara ta 2025, kamfanoni da dama kuma suka koma ga wasu sinadaran.

Rabin ɗumin yana ƙarƙashi

Gashin da mutum ya kwanta a kai ya matse, babu iska a cikinsa, don haka ba ya tare komai. Ƙasa kuwa tana zuƙar zafin jiki dare farai. Ke nan jaka mai tsada a kan tsurar ƙasa asarar kuɗi ce. Tilas sai da shimfiɗar soso ko katifar da ake hurawa.

Ita ma shimfiɗar tana da nata ma'aunin, wanda ake rubutawa da harafin R. Mai lamba 1 zuwa 2 ta wadatar a tsakiyar bazara, mai 3 zuwa 4 kuma domin farko da ƙarshen lokacin tafiye-tafiye. Wannan ne ma ya sa masu tsananta rage nauyi suka koma ga wani irin bargo maras baya, mai aljihun ƙafa, wanda ake ɗaurewa a jikin shimfiɗar.

Daga ina gashin ke fitowa?

Ana ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na wannan gashi a duniya daga ƙasar Sin yake fitowa, inda ake cin naman agwagwa fiye da ko'ina. Hangari da Polan kuma sun yi suna wajen na dinya. Galibinsa ana samunsa ne bayan an yanka tsuntsun domin nama, shi ya sa farashinsa ke bin kasuwar naman. Lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Sin a shekara ta 2013, farashin ya yi tashin gwauron zabo.

Amma akwai wata hanya da ta jawo Allah wadai, wato fige tsuntsu da ransa. Da yake gashin na sake tsirowa, ana iya fige dinya guda duk bayan makonni shida ko bakwai, sau da dama kafin a yanka ta, lamarin da kan yage mata fata. A watan Fabrairu na shekara ta 2009 wani shirin bincike na gidan talabijin na TV4 a Suwidin ya nuna hotunan hakan daga gonakin Hangari, abin da ya girgiza masu saye a Turai.

A shekara ta 2010 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta fitar da ra'ayinta na kimiyya, inda ta bambanta tsakanin tsefe gashin da ya riga ya nuna zai zube da kansa, da kuma tumɓuke wanda yake manne da fata. Ta ce na farko ba ya cutarwa, amma a gonakin kasuwanci da wuya a yi shi ba tare da an haɗa da na biyu ba. Wata matsalar kuma ita ce gashin da ke fitowa daga tsuntsayen da ake yi wa ɗura domin hantarsu ta kumbura, wadda ake sayarwa da tsada a Faransa da wasu ƙasashe.

Matsin lambar ƙungiyoyi irin su Four Paws ya sa a shekara ta 2014 aka ƙaddamar da tsarin tantancewa mai suna Responsible Down Standard, wanda kamfanin The North Face ya faro, ƙungiyar Textile Exchange kuma take kula da shi. Tsarin ya haramta figar rai da ɗura, ya kuma tanadi bin sawun gashin daga gona zuwa masana'anta. Masu suka dai na cewa gashi na ratsa hannaye da yawa kafin ya isa ga maɗinki, kuma ziyarar masu bincike jefi-jefi ba za ta iya gano komai ba.

Akwai kuma batun algus. A watan Nuwamba na shekara ta 2024 gidan talabijin na gwamnatin Sin, CCTV, ya bankaɗo masana'antun da ke cusa niƙaƙƙen gashi da tarkace a cikin riguna, suna manna musu takardun shaida na jabu. Tun da mai saye ba ya ganin abin da ke ciki, farashin da ya yi arha fiye da kima abin tuhuma ne. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Inda tsuntsu ke bayarwa da kansa

A ƙasar Aisland akwai wata hanya dabam da ta shafe ɗaruruwan shekaru. Wata agwagwar teku da ake kira aida takan zo gaɓa a watan Mayu da Yuni domin yin ƙwai, ta fige gashin ƙirjinta da kanta ta shimfiɗa a sheƙa. Manoma kan yi gadin wuraren dare da rana saboda yanyawa da tsuntsaye masu cin ƙwai, su ɗebi gashin su sa busasshiyar ciyawa a madadinsa, ko su jira sai 'ya'yan sun bar sheƙar.

Doka ta haramta farautar wannan tsuntsu a ƙasar tun shekara ta 1847. Sai an tattara sheƙa kimanin 60 kafin a sami kilo guda na tsabtataccen gashi, kuma abin da ƙasar ke samarwa a shekara bai wuce tan uku zuwa huɗu ba, duk da cewa ita ce ke kan gaba a duniya. A Norwe ma, hukumar UNESCO ta sanya tsibiran Vega cikin wuraren tarihi na duniya a shekara ta 2004 saboda wannan sana'a. Tsadarsa ta sa akasari a barguna na attajirai yake ƙarewa, ba a jakar matafiyi ba.

A yankinmu fa?

Dabarar tsare iska ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Audugar rimi da ake cusawa a matashin kai da katifa zarenta rami ne a ciki, shi ya sa ba ta da nauyi, kuma an daɗe ana amfani da ita a duniya wajen yin rigunan ceto a ruwa da ma jakunkunan barci masu araha, kafin zaren roba ya ture ta. Aibinta shi ne tana karyewa ta zama gari idan aka yawaita matse ta, ga kuma saurin kama wuta.

Daren hunturu a Kano ko Damagaram, da na tudun Jos, yana cikin yanayin da ake ɗinka jakar bazara dominsa, kuma bushewar iskar lokacin ita ce gashin agwagwa ya fi so. Amma mai nufin hawa Chappal Waddi a jihar Taraba, dutse mafi tsawo a Nijeriya mai mita 2,419, ko Dutsen Kamaru da ya haura mita 4,000, zai gamu da raɓa da ruwan sama, inda zaren roba zai iya fiye masa kwanciyar hankali.

Yadda ake kula da ita

Jikin mai barci yana fitar da damshin da ya fi kofi guda a dare, don haka ana so a shanya jakar kowace safiya, kuma kada a cusa hanci da baki a ciki. A cikin jakar goyo, a sa ta a leda mai kauri a ɗaure bakin.

Maiƙon jiki yana kashe kumburin gashi, saboda haka kwanciya da tufafi masu tsabta ko sa wani siririn zane a ciki yana rage buƙatar wanki. Idan wankin ya kama, a yi shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu maras ƙarfi, a ɗauraye sosai, kada a murɗe. A shimfiɗa ta inda iska ke kaɗawa, ana warware dunƙulen da hannu lokaci-lokaci har ta bushe ƙarau, domin ɗan damshin da ya rage kan haifar da fumfuna da wari.

A gida kuwa ba a barinta a matse cikin ƙaramar jakarta. A rataye ta, ko a sa ta a babban buhun auduga a wuri busasshe, nesa da ɓeraye.

Ga wanda zai saya, tambayoyin da suka kamata ya yi wa mai kanti su ne: nawa ne adadin jin daɗi, kuma an yi gwajin ƙa'ida ko kuwa faɗar kamfani ce kawai, gram nawa ne na gashi a ciki, da kuma wace shaida ke akwai cewa ba a fige tsuntsun da ransa ba. Idan tafiyar ta damina ce, ko kuma ba za a goya kayan a baya ba, ta zaren roba za ta biya buƙata da kusan rabin kuɗin.